Ranar da Na Sa Buba Magana a Gaban Surukinsa

Ku samarin da aka ɗauko cikin kwamitin sulhu bana, labari ya iso mini na abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai aikin Abdu Mai Tabarma ba aiki ba ne. A shimfiɗa tabarma a inuwa, a ba wannan haƙuri, a ba wancan, a ci goro a watse. To madalla. Ni ma haka na ɗauka shekara ashirin da suka wuce, lokacin tumbina bai kai randa ba, gashin kaina kuma bai gudu ya bar ni ba. Gashin nan ba tsufa ne ya kwashe shi ba. Duk zaman da na yi tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma sai da ya tafi da rabonsa, akwai kuma zama ɗaya da ya yi mini aski gaba ɗaya cikin kwana biyar. Shi zan ba ku.

Amma bari in fara da kayan aiki, tunda kun ce babu. Akwai tabarma, doguwa guda ɗaya. In ka shimfiɗa biyu suna kallon juna, filin dambe ka shirya. Masu rigima gefe da gefe suke zama, kai suke kallo. Akwai buta, don wanda ya kurɓi ruwa dole ya yi shiru na ɗan lokaci. Akwai sanda. Ni ko akuya ban mallaka ba, amma sandata ta fi ta kowane makiyayi a ƙasar Katsina kyau, amfaninta kuwa ɗaya ne: in na iso, ni ke fara jingine ta a bishiya mai nisa. Ba a ce wa makiyayi ajiye sandarka. In ya ga ka ajiye, zai ajiye. Manomi ya ga haka, sai ya jingine fartanyarsa. Sai goro. Goron ba na ci ba ne, ko da yake ni ke cinye shi daga baya.

Aikin farko da na gani a Tamawa ne, a hannun maigidana Malam Mamman, wanda ya koya mini sana'ar. Jakin wani ya kwance ya faɗa gonar waken maƙwabcinsa. Abin da ya ci bai cika kwando ba, amma da na ji mai gonar yana bayani, na ɗauka jakin ya cinye waken Kurfi kaf ya ɗora da na Dutsin-Ma. Ana gobe zama, Malam ya ja ni muka je zauren mai gonar, ya zauna ya ce, "Faɗa mini." Mutumin ya zagi mai jakin, ya zagi ubansa, ya gangara kan kakansa da ya rasu tun ba a yi kwalta ba. Malam bai tare shi ba. Sai da ya gaji don kansa, sannan Malam ya ce, "To, wannan duk nashi ne, mun ji. Naka fa? Da ka tsaya bakin gonar, mi ya same ka?"

Can mutumin ya ce, "Waken nan tsohuwata na yi wa alkawarin shi. Na rasa fuskar da zan shiga in gaya mata."

Malam ya ce, "Gobe wannan za ka faɗa. Sauran bar mini shi nan, zan share."

Wannan shi Malam yake kira wankin magana, kuma ana yin shi ne a ɓoye, kowa a zaurensa, kafin a haɗu. Ranar zama, wanda zai yi magana ana damƙa masa goro a hannun dama, ya riƙe gam har ya gama, don hannun da ke riƙe da goro ba ya nuna mutum da yatsa. Abu uku kawai zai faɗa: abin da idonsa ya gani, abin da ya ji a ransa, da abin da yake so a yi. Ban da kai mugu ne, ban da kullum haka kake, ban da ku dama halinku ne. In ka ce wa mutum azzalumi, ka ba shi aikin yi, zai kare kansa har rana ta faɗi. In kuwa ka ce masa kwana biyu ba ka iya cin tuwo ba don baƙin ciki, mi zai musa? Cikinka ne. Wahalar dai ita ce namijin ƙasarmu ya fi son a cire masa haƙori da filaya a kan ya buɗe baki ya ce ya ji tsoro. Shi ya sa ake bin shi har zaure.

Shekara goma ina bin Malam da tabarma a bayan babur. Sai wata ƙungiya ta kwashe mu zuwa Katsina bita ta kwana uku, shinkafa da kaza safe da rana. Abin da aka koya mana kusan duk Malam na yin shi, sai dai su sun rubuta a allo da alƙalami mai launi. Suka ƙara da cewa a zauna a zagaye, kowa ya faɗi yadda yake ji a gaban jama'a. Na dawo da takardar shaida da jaka mai tambari, kaina ya kumbura har hula ta daina shiga. Na yanke wa kaina cewa bin zauruka ana gobe aikin tsofaffi ne, ɓata man babur.

Sannan mummunar shekarar ta zo. Wasunku lokacin kuna makaranta. 'Yan bindiga suka hana shiga daji. Manomin da gonarsa ke nesa ya bar ta, ya matso bakin dam ɗin Zobe yana neman ɗan fegi ya yi noman rani. Makiyayi ma ya baro daji ya matso bakin Zobe, don shi ma ba a ƙyale shi ba. Kowa ya taru a bakin ruwa ɗaya, kowa a tsorace. In salansar babur ta yi ƙara, sai ka ga kasuwa ta watse, mai tsire ya bar tsirensa.

A wani ƙauye cikin gundumar Makera akwai Malam Sada, manomi, mutum mai saurin baki amma ba mugu ba. Ya dasa tumatir a bakin ruwa, ya kewaye da ƙaya, shingen ya ci wajen taku goma na burtalin da shanu ke bi su sha ruwa. Bayan ƙauyen akwai ruga wadda ta fi shekara arba'in a wurin. Akwai wani makiyayi Buba, a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, kuma 'yar Ardon rugar yake aure. Ranar wata Litinin shanun Buba suka gangaro da ƙishi, hanya ta yi musu kaɗan, suka ture ƙayar suka bi ta kan tumatirin da ya rage mako guda a fara tsinka. Sada ya zo ya gani. Bai tsaya ko'ina ba sai tsakiyar kasuwa, ya ce Buba ɓarawo ne, shi ke kai wa 'yan bindiga rahoto.

A wata shekarar, wannan zagi ne kawai. A waccan shekarar, kalmar na iya tashin ruga, tana iya kashe mutum.

Mai gari ya aiko mini. Ranar Talata na iso da jakata mai tambari, ban taka zauren kowa ba. Na sa aka yi zama a ƙofar gidan mai gari, mutane suka cika har kan katanga. Ardo ya zo da kansa, tsoho mai farin rawani, na girmama shi na zaunar da shi kusa da ni, daidai inda Buba zai ɗaga ido ya gan shi. Na damƙa wa Sada goro.

"Malam Sada, faɗa wa jama'a yadda kake ji."

"Ina jin mutumin nan ɓarawo ne." Hannu na riƙe da goro, sai ya nuna shi da leɓe.

"Ba haka ba. Abin da ke ranka nake nufi."

"Ai shi ke raina, Malam Abdu."

Jama'a suka yi dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi. Na karɓi goron na miƙa wa Buba, na ce ya gaya mana yadda ya ji da aka kira shi da wannan suna. Ya sunkuyar da kai. Na sake tambaya. Shiru. Na sake ta uku, har da ɗaga murya, ina cewa ya saki jikinsa, nan duk 'yan'uwa ne. Ardo ya ja rawani ya rufe bakinsa. Buba ya ajiye goron a hankali a kan tabarma, ya miƙe, ya je ya ɗauki sandarsa ya tafi, bai waiwayo ba.

Garba, shugaban 'yan sintirin ƙauyen, ya tashi ya karkaɗe wandonsa. Ya ce, "Kun dai gani. Ko magana bai ga mun isa ya yi mana ba. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za mu je rugar. Wanda muka tarar, shi ya so."

Laraba da safe na kama hanyar Tamawa. Hanyar da a lokacin ko direban kurkura sai ya yi alwala yake hawa, na bi ta ina karanta duk addu'ar da na sani, har ta shiga kasuwa da ta cin abinci. Na sami Malam Mamman a ƙofar gida, idonsa ya yi rauni, kunne kuwa ras. Na kwashe labari na ba shi.

Ya ce, "Su wa ke zaune?"

Na lissafa: mai gari, liman, Garba, Ardo.

"Ardo mi ne ne ga Buba?"

"Uban matarsa ne."

Ban rufe baki ba na gane ɓarnar da na yi.

Malam ya ce, "Mutumin da ba ya cin abinci gaban Ardo, ba ya shan ruwa, ba ya kiran sunansa, in ya hango shi a hanya ratsewa yake cikin gona. Shi ka ce ya buɗe cikinsa a gabansa, mutum ɗari na kallo? Da ya yi magana, ya zubar da mutuncinsa a ruga. Da ya yi shiru, ya zama mai girman kai a gari. Ka rufe mishi ƙofa biyu, Abdu. A Katsinar nan, kaza kawai aka ba ku?"

"Malam, mi zan yi?"

"Ka je zaurukansu?"

"Ban je ba."

"To mi kake yi nan? Tashi ka je ka yi wanki."

Da la'asar ina zauren Sada. Na ce faɗa mini, ya faɗa. Ya zagi Buba, ya zagi shanun ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba a haifa ba. Na shanye buta guda ina saurare. Da ya sauko, na ce wannan na Buba ne, naka fa? Sannan ya ce gonarsa ta daji shekara biyu bai taka ta ba, rumbunsa ƙasa ake gani, tumatirin nan shi ne abincin gidansa har damina. Ya ce da ya ga shi kwance cikin laka, sai da ya zauna a kan kunyar gonar kamar mai jego.

Na ce, "Ka taɓa ganin Buba da 'yan bindiga?"

Ya ce, "Ban gani ba. Amma ai ana faɗa."

"Wa ya fara faɗa?"

Ni da shi duk mun san daga bakinsa ta fara fita.

Alhamis da safe na je rugar. Mata na kwance bukkoki, ana ɗaure ƙore cikin raga. Ardo ya riga ya ce a tashi. Na sami Buba can gefe da shanu, shi kaɗai. Ban tambaye shi yadda yake ji ba, na koyi hankali. Na jingine sandata, na zauna, na ce na yi masa laifi ranar Talata, sannan na shiga tambayar lafiyar shanu. Na ce kamar garken ya ragu. Ya kalli ƙasa. Makiyayi ba ya faɗin adadin shanunsa, don haka sunayensu ya shiga kira, ɗaya bayan ɗaya, har na daina bi. Duk an kore su da damina, a daji, da bindiga a kansa. Bai gaya wa kowa a gari ba.

Ya ce, "Wannan na haƙura. Amma shekaranjiya Dada ta kai nono gidan su Sada. Shekara talatin tana kai wa tsohuwarshi. Aka rufe mata ƙofa. Ta dawo da ƙwaryar a cike, ta ajiye."

Dada ita ce mahaifiyarsa. Na ce, "Za ka iya faɗa wa Sada wannan? Mu uku, ba Ardo, ba mai gari, ba kowa."

Ya ce, "In ba ni zai kalla ba."

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a bakin gonar, suka zauna gefe da gefe, tumatirin da aka tattake a gabansu, shingen ƙaya a dama, ruwan Zobe can ƙasa. Saura ƙasa da kwana ɗaya a sauko Juma'a. Na ɗauko goro na goge a riga na ba Sada.

Ya fara da kyau. Ya ce ya ga shanu sun bi ta gonarsa, ya ga 'ya'yan tumatir a fashe. Sai harshe ya zame masa. "Ku dama in kuka ga ɗanyen ganye..." Na yi wani tari da ya tashi tsuntsayen bakin ruwa. Ya tsaya, ya matse goron har ya rabe biyu a hannunsa. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tsoro na ji. Na ƙirga bakunan da ke gidana, na ga ba abin da zan sa musu. Kwana uku ke nan in an kawo tuwo sai in ce na ƙoshi."

Na ba Buba rabin goron. Ruwa yake kallo. Ya faɗi zancen shanun da aka kore. Ya faɗi zancen ƙwaryar Dada. Ya ce, "Da na ji sunan da aka kira ni a kasuwa, na rasa inda zan sa kaina. A daji ana nemana, a gari ana nemana. Kunya na ji, da tsoro. Nan aka binne cibiyata, ban san wani wuri ba."

Sada ya juyo. "An kore maka shanu? Mi ya hana ka faɗa?"

"Wa zan faɗa ma?"

Sannan Sada ya ce tsohuwarsa ba ta ma san an mayar da Dada ba, uwargidansa ce ta rufe ƙofar, don ta ji abin da ya faɗa a kasuwa. Na tambayi kowa abin da yake so. Sada ya ce in an gama girbi shanun su kwana a gonarsa ta bayan gari ya sami taki. Buba ya ce ya yarda, a ja shingen baya a ba shanu hanya. Sai ya ƙara da cewa, "Kalmar nake so a ɗauke. A gaban jama'a, inda aka ajiye ta."

Juma'a na yi sallar da ban san surar da liman ya karanta ba, Allah ya yafe mini. Ana sallamewa na ga mutanen Garba sun fara taruwa gindin dalbejiya, wasu da gora, wasu da abin da ya fi gora. Sada ya tsaya a ƙofar masallaci. Ya ce, "Jama'a, ranar Litinin na ga tumatirina a kwance, tsoron yunwa ya kama ni, na faɗi abin da idona bai gani ba. Ban taɓa ganin Buba da kowa ba. Burtali ni na tare. Ina so a bar rugar nan."

Garba ya ce, "Kai fa ka tara mu, Malam Sada."

"Ni na tara ku. Ni kuma nake roƙonku."

"In aka shigo mana fa? Kai za ka tare?"

Na sa hannu a aljihu na taɓo goro, saura kaɗan in miƙa wa Garba a gaban mutanensa in ce ya faɗi yadda yake ji. Allah ya taimake ni na mayar. Na kama hannunsa na ja shi bayan masallaci, inda ba kowa sai butoci. Abin da ya gaya mini a can nashi ne, ba zan ba ku ba. Na dai gane cewa mutumin da ya yi watanni yana gadin gari, kowa na kallonsa a matsayin wanda ba ya tsoro, shi ma akwai abin da ke cin sa. Da muka fito ya ce wa mutanensa a dakata, kowa ya je gida. Ba su watse nan take ba. Sun watse ɗaya-ɗaya, suna waiwaye, ni kuma ina tsaye ina murmushi kamar wanda aka ɗauka hoto.

Asabar da hantsi na je rugar da albishir a bakina. Na tarar rabinta fili ne, sai da'irar toka da turakun maruƙa. Ardo bai jira a sauko Juma'a ba. Tun asubarta ya kaɗa shanunsa da iyalansa suka yi arewa, ya ce garin da aka zaunar da shi ya kalli surukinsa a wannan hali ba wurin zamansa ba ne. Gida huɗu suka rage. Buba na can bakin ruwa shi da Sada suna jan ƙaya. Dada na zaune tana wanke ƙwarya.

Matar Buba, Inno, 'yar Ardo, tana mayar da bukkar da ta kwance shekaranjiya. Na yi sallama, na fara zuba labarin yadda na tsaya gaban mutum dubu ni kaɗai. Ta miƙo mini wani lanƙwasasshen itace.

"Riƙe nan, Malam Abdu."

Na riƙe. Ta zagayo da igiya, tana ɗauri, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Baffana ya tafi. Ban taɓa kwana nesa da shi ba. Ban san ranar da zan ƙara ganin shi ba."

Ta ja igiyar ta ƙulle, ta ɗauko wata. Ni da tun da aka haife ni ba a taɓa jin bakina a rufe ba, na tsaya riƙe da itacen nan har ta gama ɗaure bukkar gaba ɗaya. Hannuna bai tsaya wuri ɗaya ba, shi ya sa in kun je rugar za ku ga ta farko daga gabas ta ɗan karkace. Buba ya so ya gyara, ta ce a bar ta haka.